Da Wace Tiya Ake Auna Aikin Masanin Taurari?

A ranar 23 ga watan Yuni na shekarar 2025, masana ilmin taurari suka nuna wa duniya hotunan farko da aka ɗauka da wani sabon madubin hangen nesa da aka girka a bisa wani dutse a ƙasar Cili, can kudancin nahiyar Amurka. An raɗa wa wurin sunan Vera Rubin, wata masaniya ƴar ƙasar Amurka da ta rasu a shekarar 2016. Kafin wannan kuwa, a cikin watan Agusta na 2024, babban taron ƙungiyar masana taurari ta duniya ya zauna a birnin Kap na Afirka ta Kudu, kuma shi ne karo na farko da aka yi shi a nahiyar Afirka tun da aka kafa ƙungiyar a shekarar 1919.

Waɗannan al'amura biyu sun nuna cewa binciken sararin samaniya ya zama fagen da ƙasashe ke zuba dukiya mai yawa, kuma Afirka ta fara samun wurin zama a cikinsa. Sai dai akwai tambayar da ta shafi shugabanni da ma'aikatan ƙasar Nijar kai tsaye, tun da yake su ne ke raba kuɗin ilmi, su ne kuma ke sa hannu a takardun ƙarin girma. Tambayar ita ce: da me ake sanin cewa masani ya yi aiki? Manomin Madarunfa, in kaka ta yi, yana ƙidaya damman geronsa, in ya kai kasuwa a auna masa da tiya. Masuncin tafkin Madarunfa, abin da komarsa ta kamo shi ne shaidarsa. To, wanda aikinsa shi ne nazarin abin da ke can bayan taurari fa, ina damensa, ina tiyarsa?

Garken taurari

Tun kaka da kakanni Bahaushe ya san sararin samaniya gwargwadon abin da ido ke gani. Ya san Zara matar wata, ya san Gamzaki da ke fitowa da asuba, ya san Kaza da ƴaƴanta. A daren da babu farin wata, wanda ya fita bayan gari yakan ga wani farin zane kamar hayaƙi ya ratsa sama daga wannan gefe zuwa wancan. Larabawa na kiransa Majarra, Turawa kuma na ce masa Hanyar Madara. Ba hayaƙi ba ne, taurari ne da yawansu ya haura miliyar 100, waɗanda nisa ya sa haskensu ya gauraye. Irin wannan babban taro na taurari da iska da ƙura, wanda ƙarfin jan nauyi ya ɗaure wuri guda, shi masana ke kira galaksi, watau garken taurari. Rana ma tauraro ɗaya ce a cikin wannan garke.

Haske na gudun kilomita kusan 300,000 a cikin daƙiƙa guda, amma duk da haka sai ya yi shekara kimanin 100,000 kafin ya ratsa wannan garke daga baki zuwa baki. Babban garken da ke maƙwabtaka da shi, wanda ake kira Andromeda, haskensa yakan yi shekara miliyan biyu da rabi a hanya kafin ya iso duniya. Sai a wajajen shekarar 1924 ne Edwin Hubble ya tabbatar cewa Andromeda garke ne mai zaman kansa, daga nan kuma aka gane cewa garkunan ba su da iyaka ga mai ƙidaya.

Vera Rubin da abokin aikinta Kent Ford sun auna yadda Andromeda ke juyawa, suka buga sakamakon a 1970. A shekarar 1980 kuma, tare da wani abokin aikin nasu, suka fito da awon garkuna 21. Abin da aka zata shi ne taurarin da ke bakin garke za su yi tafiya a hankali fiye da na ciki, kamar yadda duniya ke kewaya rana da gudun kilomita kusan 30 a daƙiƙa, alhali Neftun da ke can nesa ba ta wuce biyar da ɗoriya ba. Amma sai aka tarar taurarin bakin garke na gudu kamar na ciki. Duk wanda ya taɓa kaɗa majajjawa ya san cewa in dutsen na juyawa da ƙarfi, sai igiya mai ƙwari ce ke riƙe shi. Nauyin taurarin da ake gani bai isa ya zama wannan igiya ba. Sabo da haka masana suka ce lalle akwai wani abu mai nauyi da ba ya ba da haske, wanda ke riƙe da garken. A lissafinsu na yau, wannan ɓoyayyen abu ya kai kashi 85 cikin 100 na dukan abin da ke da nauyi a sararin samaniya, kuma har yanzu ba a san ainihinsa ba.

Misali daga maƙwabta

Ba sai an tsallaka teku ba kafin a samu wanda ke wannan bincike. A Burkina Faso, maƙwabciyar Nijar, akwai Dakta Marie Korsaga, wadda ake kira mace ta farko a Afirka ta Yamma da ta ƙware a kimiyyar taurari. Ta yi karatu a jami'ar Wagadugu, sa'an nan ta yi aikin digirin dakta a tsakanin jami'ar birnin Kap da ta Marsey a Faransa. Abin da ta bincika shi ne yadda abin da ake gani da wanda ba a gani suka rarrabu a cikin garkunan taurari.

A shekarar 2018 ta jagoranci wata ƙasida da aka buga a mujallar wata-wata ta ƙungiyar masana taurari ta Ingila, mujallar da ke fitowa tun 1827. A ciki an yi nazarin garkuna 121. An yi amfani da awon juyawarsu da aka ɗauka da wani madubi mai faɗin mita 1.93 a kudancin Faransa. Yadda ake wannan awo kuwa ba baƙo ba ne ga kunnen mai tsayawa a bakin hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Isa: ƙahon babbar mota yakan yi siriri in tana tahowa, ya yi kauri in ta wuce. Haka launin haske ke ɗan sauyawa in abin da ke ba da shi yana matsowa ko yana nisa, kuma daga wannan sauyi ake lissafa gudunsa. Domin sanin nauyin taurarin kansu, sai aka ɗauko hotunan wani tauraron ɗan adam mai suna WISE da Amurka ta harba a 2009, wanda ke ganin irin hasken da ke ratsa ƙura, kamar mai idon da hazo ba ya tare shi. In aka cire nauyin taurari daga nauyin da juyawar ta nuna, abin da ya rage shi ne rabon ɓoyayyen abu.

Akwai gardama a tsakanin masana game da siffar wannan abu a tsakiyar garke. Lissafin kwamfuta na nuna cewa ya kamata ya taru da tsini, kamar tsibin hatsin da aka zuba daga sama. Sakamakon Korsaga da abokan aikinta kuwa ya nuna cewa a mafi yawan garkunan, siffar da ta fi dacewa da awon ita ce ta tsibin da aka baje kansa. A 2019 suka ƙara ƙasidu biyu a wannan mujalla, inda suka sake gwada batun da wasu hotuna da wasu awo. Wannan shi ne damen masani: ƙasidar da wasu masana suka tace, suka yarda a buga, domin kowa ya duba ya gaskata ko ya ƙaryata.

Wani abin lura shi ne wannan aiki bai faɗo daga sama ba. Tun wajajen 2007 jami'ar Wagadugu ta buɗe koyar da kimiyyar taurari, da taimakon Farfesa Claude Carignan na ƙasar Kanada, aka kuma girka ƙaramin madubi na koyarwa. A watan Disamba na 2010 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta yi taro na musamman a kan garkunan taurari a Wagadugu. Watau an yi shekara goma ana sharar gona kafin a ga zangarniyar farko.

Yadda ake ƙidayar

Bayan an ƙidaya ƙasidun masani, sai a duba abu na biyu, watau sau nawa wasu masana suka ambaci aikinsa a cikin nasu. Wannan al'ada ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Malamin zaure ba ya kawo magana sai ya ce wane ne ya faɗa, a littafi kaza, kuma almajiri na alfahari da jerin malaman da ilminsa ya biyo ta hannunsu. Ta wannan hanya ce sunan Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi ya wanzu. Shi malamin ƙasar Katsina ne, gwani a lissafi da ilmin taurari da hatimi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Shehu Hasan al-Jabarti. Ɗan mai masaukin nasa, Abdurrahman al-Jabarti, ya ambace shi a cikin littafinsa na tarihin Masar, shi ya sa har yau ake sanin darajarsa.

Abin da zamani ya ƙara shi ne mayar da ambato alƙaluma. Wani Ba'amurke, Eugene Garfield, ya kawo shawarar a 1955, kuma a 1964 ya fara fitar da kundin da ke nuna wa ya ambaci wa a cikin mujallun kimiyya. A 2005 wani masanin kimiyya mai suna Jorge Hirsch ya ƙirƙiro wani ma'auni da ake yi wa laƙabi da harafin h. Ga yadda yake: in mutum na da ƙasidu 10 waɗanda kowace ɗaya aka ambata aƙalla sau 10, to ma'auninsa 10 ne. Wanda ya buga ƙasida 50 amma uku kaɗai aka ambata har sau uku, ma'auninsa 3 ne. Manufar ita ce kada yawan rubutu kaɗai ya ɗaga mutum, sai rubutun da ya amfani wasu. Masana taurari suna da babban kundi na kansu a intanet mai suna ADS, wanda hukumar NASA ke ɗaukar nauyinsa, inda kowa ke iya ganin ƙasidun kowane masani da yawan ambatonsu kyauta.

Wannan tiya tana da amfani, kuma bai kamata a raina ta ba. Tana hana a ɗaga mutum don dangantaka ko don iya baki. Ƙungiyar CAMES, wadda shugabannin ƙasashe suka yanke shawarar kafawa a Yamai a 1968, mai hedkwata a Wagadugu, tana duba ƙasidun malamin jami'a kafin ta yarda a ƙara masa girma. Ke nan maganar ƙidayar ƙasidu ta shafi albashi da matsayin malaman jami'ar Yamai da ta Maraɗi.

Abin da tiyar ba ta kamawa

Amma kowace tiya na da baki, abin da ya wuce bakin kuwa zubewa yake yi. Na farko, ambato yakan yi jinkiri. Tun a 1933 Fritz Zwicky, ɗan ƙasar Suwis mai aiki a Kalifoniya, ya lura cewa wasu garkuna na gudu fiye da yadda nauyinsu na zahiri zai iya riƙewa, ya ce akwai ɓoyayyen abu. Ya buga wannan da Jamusanci a wata mujallar ƙasarsu, aka yi shekara kusan arba'in ba a kula da shi sosai ba, sai da awon Rubin da na wasu masana a Holan suka fito. Da a ce an auna wannan ƙasida a 1950, da an ce ba ta da daraja, alhali a yau tana cikin tushen fannin.

Na biyu, sunan da ke kan takarda ba kullum ne sunan mai aiki ba. Hanyar da Hubble ya bi ya auna nisan Andromeda, wata mata ce mai suna Henrietta Leavitt ta gano ta, amma sanarwar 1912 da ta ƙunshi binciken nata ta fito ne da sa hannun shugaban ma'aikatarsu. A yau kuma matsalar ta juya: ana buga ƙasida da sunayen ɗaruruwan mutane. A 2015 an fitar da wata a fannin kimiyyar ƙwayoyin halitta marasa rai mai ɗauke da sunaye fiye da 5,000, kuma duk wanda ya ambace ta, kowane ɗaya daga cikinsu ya samu lamba. Wanda ya shiga babban ayari yakan tara alƙaluma da sauri fiye da wanda ke tafiya shi kaɗai, ko da kuwa na biyun ya fi shan wahala.

Na uku, ambato ba yabo ba ne kullum. Akan ambaci ƙasida don a ƙaryata ta, wasu kuma sukan yi ta ambaton kansu da abokansu. Sabo da irin wannan ne wasu masana da editoci suka haɗu a San Faransisko a 2012, suka yi kira da a daina auna mutum da sunan mujallar da ya yi rubutu a ciki, a koma ga karanta abin da ya rubuta.

Na huɗu, wanda ya fi shafar Afirka, shi ne tiyar na auna girbi ne, ba ta tambayar irin gonar da aka noma. Kusan dukan manyan mujallun taurari da Ingilishi suke fitowa, ɗalibin Nijar kuwa ya fara da Hausa ko Zabarmanci, ya yi karatu da Faransanci, sa'an nan a ce ya rubuta da harshe na uku. Malamin da ke koyar da aji mai ɗaruruwan ɗalibai, wutar lantarki na ɗaukewa, ba zai yi tsere da wanda ke da mataimaka da lokacin bincike ba. Bugu da ƙari, ana rubuta ƙasida ne da sunan ma'aikatar da mutum ke ciki, don haka ɗan Afirka da ke aiki a Turai, ladan alƙalumansa yakan tafi ga jami'ar da ta ba shi kujera. Wani rahoton Bankin Duniya na 2014 ya nuna cewa rabon ƙasashen Afirka na kudu da Sahara a cikin ƙasidun kimiyya na duniya, in aka ware Afirka ta Kudu, bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Wannan adadi ba shaidar ƙarancin basira ba ne, shaidar ƙarancin kayan aiki ne.

Jahar Maraɗi ma na da misalin aikin da ƙidayar ambato ba za ta iya kamawa duka ba. Farfesa Abdou Moumouni, wanda aka haifa a Tasawa a 1929 ya rasu a 1991, ya shugabanci ofishin binciken ƙarfin rana na ƙasa tun daga 1969, inda aka ƙera na'urorin dafa abinci da na zafafa ruwa da hasken rana. Ya kuma shugabanci jami'ar Yamai, wadda ke ɗauke da sunansa tun 1992. Ɗaliban da ya horar da ma'aikatar da ya raya ba sa fitowa a cikin ma'aunin h, amma ƙasa ta ci moriyarsu.

Abin da ya rage ga masu yanke shawara

Wani zai ce ƙasar da ke fama da fari da ƙarancin abinci, ina ruwanta da garkunan taurari? Tambaya ce mai nauyi, amsarta kuma tana cikin irin horon da fannin ke bayarwa. Wanda ya iya tace hoton tauraron ɗan adam don auna garken da ke nesa, zai iya tace hoton da ke nuna hadari, da tsiron gona, da ruwan tafki. Cibiyar AGRHYMET da aka kafa a Yamai a 1974, bayan babban fari, irin waɗannan ƙwararru a lissafi da kwamfuta take bukata. Har ila yau, ba dole ne ƙasa ta gina madubi na miliyoyin kuɗi ba kafin ta shiga fagen. Hotunan WISE da Korsaga ta yi aiki da su a buɗe suke ga kowa, kuma tun 1991 masana ke ajiye ƙasidunsu a wani rumbu na intanet mai suna arXiv, inda ake karanta su ba da ko dala ba. Abin da malamin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi ke bukata shi ne wuta mai ɗorewa, da intanet mai ƙarfi, da kwamfuta, da lokaci, da abokan aiki a waje, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tun a 1980, a cikin Tsarin Legas, shugabannin Afirka suka ɗauki alkawarin ware kashi 1 cikin 100 na arzikin ƙasa domin bincike, aka kuma sake jaddada shi a Khartum a 2006, amma ƙasashe kaɗan ne suka kusanci wannan mizani. Wanda bai ba da iri ba, bai kamata ya tsananta wajen awon girbi ba. Sabo da haka, a duk lokacin da takardar malami ta zo gaban hukuma, ya dace a duba alƙaluman ambato, sa'an nan a ƙara da wasu tambayoyi: mene ne ya gano, wane ne ya jagoranci aikin, ɗalibai nawa ya yaye, kuma da wane kayan aiki ya yi shi?

Tushen al'amarin kuwa yana can ƙasa, a makarantun ƙauye. A ranar 29 ga watan Maris na 2006, da hantsi, cikakken husufin rana ya ratsa ta jahar Maraɗi, gari ya yi duhu na ƴan mintoci. Masana sun san ranar da sa'ar tun shekaru da yawa kafin ta zo, ta hanyar lissafin da tushensa yake cikin darasin da ake koyarwa a makarantun gundumar Madarunfa. Yaran da suka ga wannan abu a ranar, yau manya ne. Nawa daga cikinsu suka samu damar bin lissafin har ƙarshensa? Alƙaluman hukumar UNICEF sun nuna cewa kashi 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin su cika shekara 18, da yawansu kuma karatunsu a nan yake tsayawa. Marie Korsaga ta kai ga buga ƙasidarta ta 2018 ne domin an bar ta a aji shekara da shekaru, aka kuma samu jami'ar da ta buɗe mata ƙofar fannin a ƙasarsu. Uban da ya bar ƴarsa ta ƙare sakandare, da shugaban makarantar da ya nemo malamin lissafi, da ma'aikacin da ya sa hannu a kuɗin bincike a kan kari, ba za a ga sunayensu a kundin ambato ba, amma daga hannunsu ƙidayar ke farawa.